Yadda zaka hau motar gudu mai tsada a zangon Accra ba tare da sunanka ya baci ba

Wani kanin abokina da yake zaune a Amurka ya kira ni wajen karfe daya na dare, shi ya manta cewa mu nan mun dade da kwanciya, wai "yaya ina so in turo Corvette gida kafin Disamba, ya kake gani?" Nace masa kai dai bari gari ya waye. Da na tashi sai naga maganar tafi karfin sakon murya, shiyasa na zauna na rubuta ta gaba daya, ko wani ma ya amfana. Ni dai sana'ata sayar da kayan mota ce a Abossey Okai, kuma a Nima aka yanke min cibiya, to motoci na gansu, masu motocin ma na gansu, har da wadanda suka shigo da kara suka fita shiru.

Ka fara sanin cewa motar nan da kake mafarki, ranar da ta shigo layinku ba wanda zai tambayi karfin injinta sai yara. Manya tambaya daya ce a bakinsu: ina ya samu? Ka zauna a kowane bes, wato majalisar samari, da yamma ana shan ataya ka gani, jar mota mai kasa-kasa ta wuce, kafin ta kai kwana an gama shari'a. Wani yace borga ne, wato dan ci-ranin kasar waje, wani yace dan wane ne ai ubansa na da tirela tirela, na uku ya tabe baki ya kurbi shayinsa yace "sakawa". Kuma abin haushi kalmar sakawa din nan da duk Ghana ke amfani da ita wa yaran da ke damfara ta intanet, mutane da yawa na cewa daga Hausarmu ta fito, to kaga mu 'yan zango tun kafin mu bude baki an riga an rataya mana rabin laifi. Saurayi dan shekara 26 a cikin Camaro ko Mustang, ba a san shagonsa ba, ba a san ofis dinsa ba, kullum yana barci har azahar, to ko Alkur'ani ya hadiye ba mai yarda.

Saboda haka aikin farko ba a tashar jirgin ruwa ta Tema yake ba, a unguwa yake. Ka bari a san sana'arka kafin a san motarka. Duba Osei Kwame Despite, lokacin da ya cika shekara 60 a 2022 ya sayi Bugatti Chiron, gari ya dauka, amma akasarin mutane taya shi murna suka yi, saboda kowa ya san labarin: kaset ya fara sayarwa, yana cikin wadanda aka koro daga Najeriya a 1983, ya zo ya kafa gidan rediyon Peace FM da gidan talabijin na UTV, har yanzu ma ya bude gidan ajiye motocinsa a East Legon mutane na zuwa kallo. An ga hawansa mataki mataki. Kai kuma in a waje kake aiki to ka rika fada, ba abin kunya bane, direban babbar mota ne kai, nas ne, gini kake yi, ka fada wa kawunka da limamin layinku tun yanzu, su ne rediyon unguwa. In mutane sun san shekara takwas kana tuka tirela cikin kankara, ranar da suka ga motar sai suce Allah ya sa albarka, guminsa ne.

Sai kuma ka dubi gida. Wannan zan fada maka ba boye-boye. In Mma na nan a daki daya a gidan haya, ruwan sama na zuba ta kwano ana tara bokiti, ana layin bayi da asuba, wallahi kada ka kawo motar nan. Ba don haramun bane, kudinka ne. Amma duk wanda ya ganka a ciki, ba kai zai gani ba, bokitin nan zai gani. Gyara mata waje, biya basussukan da ake binka har da na mai koko da kose da ka manta tun kafin ka tafi, ita bata manta ba, sannan ka yi maganar mota.

Yanzu takardu. Nan ne mutane ke sakaci kuma nan ne mutunci ke zubewa lokaci daya. A karshen 2022 hukumar EOCO mai yaki da laifukan kudi ta bi gareji gareji a Accra ta kwashe motoci masu tsada sama da 30 da ake zargin an sato su daga Amurka da Kanada, kuma a 2025 kowa yaji yadda suka dauke Lamborghini Urus daga gidan wani shahararren mawaki saboda an alakanta ta da shari'ar damfara a Amurka. Wasu da ake karbe wa mota ba barayi bane, saye suka yi da kudinsu, amma banza bata kai zomo kasuwa, sun ga araha sun rufe ido. Ka duba lambar bodin motar, VIN, mai haruffa da lambobi 17, ka tabbata wadda ke jikin gilashin gaba ita ce ke jikin kofa ita ce ke takarda, ka biya a binciko maka tarihinta a kasar da ta fito, ka ajiye rasit din komai, daga na saye har na jirgin ruwa har na kwastam. Kudin fito kuma ka lissafa shi tun motar bata hau ruwa ba, ana duba darajarta da girman inji da shekarunta, wadda ta wuce shekara 10 akwai tara a kai, kuma mai sitiyari a dama ba ta shigowa. Na san wanda motarsa ta zauna a tashar Tema wata da watanni saboda kudin fito ya kusa kamo kudin saye, kullum kudin ajiya na karuwa, shi kuma ya riga ya saka hotonta a Facebook da "Alhamdulillah". Ka yi mata rajista a DVLA, hukumar rajistar motoci, da wuri. Wanda ke yawo shekara guda da lambar wucin gadi ta DV kowa ya san ko dai motar ta dila ce ko kudin rajista ya gagara, kuma mutanen Accra gwanaye ne wajen karanta lamba. Lamba mai dauke da sunanka kuwa ni ban ba ka shawara ba, kana tallan kanka ne ga wanda kake so da wanda baka so.

To ga babbar maganar da yawancin samari basa tunani a kai, kujera. Corvette kujera biyu gareta, haka Lamborghini Huracán, haka yawancin Ferrari, Porsche 911 da Mustang kuma na bayan sai dai yaro ko jaka. A East Legon ko Cantonments wannan ba matsala bace, kowa na bayan katangarsa. A zango kuwa mota ba ta mutum daya bace. Karfe biyu na dare nakuda ta kama matar makwabci, kofarka za a buga a kaita asibitin Mamobi ko asibitin sojoji na 37. An yi rasuwa, dattawa na neman wanda zai kaisu makabarta. Ranar aure ana neman motar da zata dauki kawayen amarya, ranar suna ana neman wadda zata dauko buhun shinkafa da rago. Duk mai mota a unguwa ya san wannan harajin, ba a rubuce yake ba amma ana biya. To kai ka kawo abin da ko tsohuwa daya bata iya shiga sai an nade ta kamar tabarma, me kake fada wa mutane? Na taba jin wata Hajiya ta kalli irin motar nan tace "wannan ai motar rowa ce, tun daga kamfani aka kera ta don kar a rage wa kowa hanya". Dariya muka yi amma maganar ta zauna. Ba tsadar motar ke bata wa mutane rai ba, Alhazai nawa ne ke hawa Land Cruiser V8 da ta fi Mustang tsada nesa ba kusa ba kuma ba mai zaginsu, saboda an san ranar bukata mutum bakwai zasu shiga.

Maganin wannan mai sauki ne in kana da hali, in baka da halinsa to baka kai sayen motar gudu ba tukuna. Ka ajiye mota ta biyu, ko tsohuwar Corolla ce ko Sienna, ka bar makullin wurin kaninka mai hankali mai lasisi, a san cewa ita ce motar gida. Ita zata je asibiti, ita zata je unguwar Madina gaisuwa, ita zata je kasuwar Nima ranar Laraba, don in ka kuskura kaje sayen albasa da jar motar nan farashi zai tashi kafin ka bude kofa. Wallahi Corolla din nan zata saya maka addu'ar da Corvette bata isa ta saya ba.

Gaisuwa. Motar kasa take, gilashi baki, kai kana ciki kamar a kwance, kana ganin kowa ba mai ganinka. Ka wuce dattawa a kofar masallaci ka danna hon kadan kana ganin ka gaisa, su kuma a wurinsu yaron nan da muka yi wa suna ya wuce mu ko kallo. Da ka shigo layi ka sauke gilashi duka biyu, ka rage waka, inda manya suke ka tsaya ka fito, eh na sani fita daga motar nan aiki ne, sai ka dafa kasa kamar mai tashi daga sujada, amma ka fito, ka rusuna, "Baba ina wuni, ya jiki, ya iyali". Minti biyu ne. Yara zasu kewaye motar suna tabawa da hannun mai, kar ka daka musu tsawa, ka samu babbansu ka bashi aikin gadi da dan canji, wani lokacin ka bude musu su leka ciki. Wanda ya zagi yaro saboda fenti, uwar yaron zata rike shi a zuciya har ya tsufa.

Sai kara. Na san rabin dadin motar nan salansa ne, amma gidajenmu a manne suke, bango daya ne tsakaninka da jariri da mara lafiya. Injin V8 in ya tashi da sanyin safiya kamar an harba bindiga. Kar ka tada ta lokacin da ake sallah, kar ka taka mai a kusa da masallaci ko makaranta, bayan isha'i ka shigo kamar barawo. Wasu motocin ma an yi musu maganin haka, Mustang daga 2018 mai salansa na zamani tana da tsarin tashi a hankali da zaka saita mata lokaci, ka nemi irinsa a taka ka kunna. In jinin gudu ya motsa, ba a Nima Highway ba inda trotro, wato bas din haya, ke tsayawa ba sigina, okada na fitowa ta kowace kusurwa, yaro na tsallakawa da kwanon wake a kai. Mutanen Accra basu manta hadarin East Legon na Oktoban 2024 ba, yaro dan shekara 16 da motar gidansu ya yi sanadin rasuwar 'yan mata biyu kanana, tun daga nan duk wanda aka gani yana tsula gudu da mota mai tsada kallon mai kisa ake masa. Kuma makulli kar ya bar aljihunka, kanne da abokai zasu roka "zagaye daya kawai", ranar Sallah ma sun fi matsawa, ka ce a'a ka sha zagin kwana biyu.

Hanya kuma ita ce zata tona maka asiri in baka koya ba. Tsakanin cikin motar nan da kasa da kyar ya kai santimita 14, wasu ma basu kai ba, tudun rage gudu kuwa a garin nan kowa na gina nasa yadda ransa ya so, wani kamar kabari. Kar ka hau shi kai tsaye. Ka rage gudu har kamar zaka tsaya, ka karkata motar ka hau a gicciye, taya daya ta fara hawa sannan dayar, ka bari gaban ya sauka a hankali kafin ka mike. Corvette sabon samfuri daga 2020 ana iya samunta da abin daga hanci, ka danna ta dago wajen santimita 4, har tana iya rike wuraren a kwakwalwarta ta rika dagawa da kanta, in zaka saya ka nemi mai shi, kodayake ina jin Accra kadai zata cika mata kwakwalwar. Na taba gani da idona a wani lungu, mota ta miliyoyi ta dare kan tudu ta makale, tayar baya na juyawa a iska, mai ita da farar shadda ya fito yana zufa, yaran bes su shida suka daga ta, mai aboboya, wato keken kaya mai taya uku, na baya yana hon yana dariya. Har yau sunan mutumin a layin "Alhaji Makale". Shigar gida ma ka auna, yawancin kofofinmu sai ka tsallaka gwata a kan siminti ko katako. In ba zai yiwu ba ka kama mata wurin kwana mai gadi a Kanda ko wani wuri kusa, ka karasa gida da kafa, ba abin da zai ragu a jikinka.

Damina, musamman Mayu da Yuni, in hadari ya hadu ka barta a gida. Circle, Kaneshie, Alajo, duk inda kogin Odaw ke cika, ruwan da trotro zai ratsa yana waka ita zai shiga hancin injinta ne, in inji ya sha ruwa kuwa sai dai wani. Mai kuma ka sa mata mai karfi na 95, kar ka bi araha, kuma ka rike gidan mai daya ko biyu da ka yarda dasu. Taya siririya ce, rami daya a kan Motorway na Tema zai iya fasa taya ya lankwasa rim, ka ajiye ko guda biyu a gida tun kafin bukata.

Fita, wato makaniki, ka same shi kafin motar ta iso. Muna da gwanaye a nan da Suame Magazine a Kumasi wadanda zasu kwance maka Benz da ido rufe, amma wadannan motocin kwamfuta ce da taya, sai mai na'urar da zata karanta ta, kuma kayanta ba a shagona suke ba, gaskiya ce, oda ake yi a jira sati biyu uku ta jirgin sama da dala. Ka ware kudin gyara gefe guda wanda baka tabawa. Don babu abin da ke jawo surutu kamar motar da ta yi wata hudu a rufe da tampol, kurar hunturu ta hau, akuya na kwana a gindinta. Lokacin ne masu cewa sakawa zasu ce ai mun fada, aljanin ya karbi abinsa. Gara kar ka saya da ka saya ta mutu a kofar gida.

'Yan sanda zasu tsayar da kai fiye da mai Vitz, wannan ka sa a ranka, wani aikinsa yake wani kuma so yake ya ga cikin motar kawai. Lasisi, inshora, takardar lafiyar mota, duk su zama a hannu, ka sauke gilashi ka gaisa, kar ka fara "ka san ko ni wane ne". Masu roko ma zasu karu, dangin da baka taba ji ba zasu samu lambarka, momo dinka, wato asusun kudin waya, ba zai huta ba. Ka yanke tun farko abin da zaka iya a wata, kudin makarantar yaro daya ko biyu, ko maganin wata tsohuwa, ka rike shi da gaske, sauran ka basu hakuri da fuska a sake. Raba kudi ta taga a wurin biki kuwa suna yake kawowa na sati daya, bayan nan ya zama bashi a kanka.

Hoto a TikTok da Snapchat, ka rage. In dole ne ka rufe lamba, kar ka nuna kofar gida, kar ka saka inda kake sai ka bar wurin. Rabin motocin da kake gani a bidiyon aure haya ce ta awa, zanen aro baya rufe katara, kowa ya sani, to kai mai taka ta gaske baka da abin da zaka tabbatar wa kowa. Ga kuma baki, mu dai mun yarda da kambun baka, ka yi addu'arka ka yi sadaka ranar da ta iso ba tare da kamara ba.

In mace ce ke karanta wannan, ke naki ya fi nauyi, ba adalci bane amma haka yake, namiji ana tambayar ina ya samu, ke kuma ana tambayar wa ya saya mata, ko da kuwa kwantena kike saukewa daga China duk wata. Ki bar shagonki ya yi magana. Kai kuma saurayi mai neman aure, ranar gaisuwar iyaye ka tafi da Corolla da kawunka a gaba, don uban yarinya in ya ga mota mai kujera biyu bincikensa ninki biyu zai zama.

Na tura wa yaron duk wannan, ya yi shiru kwana uku. Ashe ya aika wa yayansa hoton motar yace a nuna wa Mma. Yayan yace ta karbi wayar ta nisanta ta daga ido, ta juya ta, ta sake juyawa, sannan tace "to ni a ina zan zauna?" Jiya ya sake kirana, karfe daya na dare dai, wai in tambayar masa kudin fiton Sienna ta 2019, in kuma duba masa ko Corvette din zata iya shiga kwantena daya da ita.